Zailani Mai Rediyo da Pensin Shanya

An haifi Zailani a Zangon Wagadugu, gida na uku daga masallacin unguwa, daidai ƙarƙashin hanyar da jiragen sama ke bi in za su sauka. Ubansa Bahaushe ne mai fataucin goro, uwarsa Bamosiya, shi kuma ya yi lakwal, makarantar Faransanci, har aji shida. Ke nan yana iya zagin mutum da harshe uku, sai dai ba a taɓa jin ya yi da ko ɗaya ba. Magana ba ta dame shi ba. In ka ce masa yaya gari, sai ya ɗan yi tunani tukuna, kamar ka kawo masa rediyon da bai taɓa buɗe irinsa ba.

To, ƙofar shagon wannan marar maganar majalisar unguwa ta zaɓa, ta yi shekara ashirin da wani abu a kan benci ɗaya. Akwai Wada tela, akwai Ɗan Malam mai sayar da tsofaffin tayoyi, akwai Kalla direban taksi, mutumin Maraɗi, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Dalilinsu biyu ne. Kullum akwai rediyon da ke magana a wurin, kuma mai shagon ba ya katse kowa. Shi yana ciki ya ba su baya, yana liƙa waya da dalma, su suna waje suna naɗa ministoci suna sauke su. A ganinsa damunsa suke yi. Ya sha cewa a ransa, ranar da suka bar masa ƙofa zai huta.

Sana'arsa ta koya masa ɗabi'a guda da ba ya saɓawa: ba ya miƙa abu, ba ya amfani da abu, sai ya kunna ya gwada. Ko fitilar hannu ya ara, sai ya haska tafinsa sau biyu kafin ya fita da ita.

Matarsa Salamata ta rasu a 2001. 'Yarsu guda, Su'ada, tana aure a garin Bobo. Bayan shekara biyu aikin ZACA, shirin gwamnati na rushe tsakiyar gari a gina sabo, ya iso, katafila ta shiga Zango, aka watsa mutane zuwa sabbin filaye a bakin gari, wasu kudu, wasu arewa. Wada ya tafi da kekensa, Ɗan Malam ya tafi da tayoyinsa, bencin ma ba a san wanda ya ɗauka ba. Zailani ya samu ɗaki a gefen Kamsongin, bayan wani garejin mobileti, ƙananan baburan nan. Ya huta, kamar yadda ya roƙa. Kwana huɗu hutun ya yi masa daɗi. Daga nan ya fara kunna rediyo uku a lokaci guda, kowanne da tasharsa, don ya ji kamar ana musu a ƙofa.

Cikin kayan da ya kwaso daga tsohon shago akwai wani kwali. Wani Nasara mai aikin haƙa rijiyoyi ne ya kawo shi shekarun baya, ya ce a duba masa, zai dawo. Bai dawo ba. A ciki akwai ɗan jirgi mai saukar ungulu, tsawonsa bai wuce hannun mutum ba, da akwatin sarrafa shi mai sanduna biyu da doguwar eriya, abin da ake kira komandi. Tun da aiki ya yi sauƙi, domin mutane sun koma sayen rediyon da in ya lalace a shara ake gyara shi, sai Zailani ya zazzage kwalin a kan tabarma.

Komandin bai ba shi wahala ba, ai rediyo ne mai magana da abu ɗaya. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe kamar haƙorin makka, kwarsi, da lamba a jikinsa, ɗan'uwansa kuma yana cikin jirgin da lamba iri ɗaya. Da wannan lambar suke gane juna. Tashi ne ya ba shi wahala. Jirgi mai saukar ungulu ba ya son tsayawa wuri ɗaya, kamar yaron da aka sa tsaron shago. Ya karya fukafukai bakwai, ya sassaƙa wasu da katako, ya ɗaura wa jirgin sanduna biyu a gicciye a ƙafa don kada ya kife. Ya yi wata takwas jirgin na tsalle kamar kwaɗo.

Filin atisayensa tsohuwar unguwarsa ce. Bayan rushewa wurin ya zama fili fetal, ciyawa da ɓaraguzai, amma shi a idonsa kowane gida yana nan. Yakan tayar da jirgin daga inda shagonsa yake, ya bi ta kan gidan Wada, ya juyo a kwanar mai ƙosai, bai taɓa bari ya yi sama sosai ba saboda manyan jiragen da ke sauka kusa. Ranar da abin ya fara tsayawa cak a iska, daidai tsayin mutum, har ya ƙirga ashirin, Zailani ya waiwaya ya ce, "Kun gani?"

Akuya ce a bayansa, ita ma wata leda take ci.

Haka ya yi shekara uku. Wata la'asar a ƙarshen daminar 2006, wata koriyar taksi ta bar kwalta ta gangaro cikin filin tana tari.

"Kai ɗan Mosi, ashe da ranka?"

Kalla ne. Zailani ya sauke jirgin, ya kashe inji, ya goge hannu, sannan ya ce, "Bagobiri. Har yanzu wannan akwala tana tafiya?"

"Ta fi ka tafiya. Ita tana ganin gari, kai kana nan kana gadin kango. Mun ce ko ka bi 'yarka Bobo, ashe tsufa ne ya maishe ka wasan yara."

"Ina Wada?"

"Yana can ƙarshen duniya, in za ka je sai ka yi guzuri. Ɗan Malam kuwa rabona da shi tun ƙaramar salla." Ya zagaya jirgin yana leƙensa. "Ka san kana da dangi a garin nan? Akwai wani fili gaba da Dasasgo, ina kai wani fasinja can ran Lahadi. Manyan mutane, da tumbinsu da furfurarsu, sun ɗaga kai sama kamar masu neman wata. Kulob gare su. Lahadi mai zuwa ma gasa za su yi, ta irin wannan naka."

"Suna zama?"

"Wane irin tambaya ce wannan? A'a, a tsaye suke kwana. Rumfa gare su da benci, da kula ta ruwan sanyi. Surutu kuwa, majalisarmu ta dā almajirarsu ce."

Kalla ya ce shi zai kai shi, kuma zai tsaya ya ga yadda ɗan Zango zai kunyata masu kuɗi. Zailani bai damu da kunyata kowa ba. Kofin da za a ba wanda ya ci, da an ba shi ma sukurori zai zuba a ciki. Abin da yake so guda ne: in an tashi, wani daga cikinsu ya ce masa sai Lahadi.

Ran Lahadi ya wanke jirgin, ya naɗe komandin cikin wani tsohon zane na Salamata, ya sa a buhun shinkafa, ya sa farar riga. Ƙarfe biyu suka yi da Kalla. Kalla ya zo uku saura, da wata mata da buhun albasa a kujerar baya, kuma sai da aka bi ta gidan ƙanwarta. Da suka isa filin, Kalla ko inji bai kashe ba.

"Bari in ajiye hajiya, yanzu zan dawo. Kada ka tashi sai na zo."

Bai dawo ba. Ba mugunta ba ce, mutum ne da in an ɗaga masa hannu a hanya ba ya iya wucewa.

Wurin kamar yadda aka faɗa yake. An sare ciyawa, an zana da'ira uku da farar ƙasa, ga rumfar kwano, ga mutane wajen ashirin, Mosawa, Nasara biyu, da wani Balabane, mutumin Labanan, da ya zo da kujerarsa. An riga an gama bayanin dokoki, an fara tashi. Shugaban kulob ɗin, Mushe Ilbudo, wato Malam Ilbudo in da Faransanci ne, wani dattijo mai hular kwano da usur a wuya, ya rubuta sunan Zailani a ƙasan takarda idonsa na kan jirgin da ke sama, ya nuna wani tebur da biro ya ce da Faransanci a ajiye komandi can.

Zailani ya dubi teburin. Komandoji goma sha wani abu a jere, rana na dukansu. Ya girgiza kai a ransa. Masu kuɗi ba su san batir ba ya son rana ba. Ya riƙe buhunsa. Kusa da teburin akwai allo da lambobi, a kan kowace lamba an maƙala pensi, ɗan katakon nan da mata ke matse kaya da shi a igiyar shanya. Ya ɗauka na rataye tsumman goge mai ne, har ya yaba da tsabtarsu.

"Baba, ba kai ne mai rediyo na Zango ba?"

Da Hausa aka yi maganar. Wani mutum ne ɗan shekara talatin da biyar, da tabarau, yana murmushi.

"Ni ne."

"Wala. Na ce na san wannan ƙeyar, don ita muke gani kullum in mun wuce shagonka. Harisu ne, jikan Hajiya Mailafiya mai waina. A farmasi nake aiki, nan Zogona."

"Mai rediyon da ake ɗaure wa batir da roba."

"Shi fa. Har ta rasu tana cewa babu mai taɓa shi sai kai." Ya durƙusa ya duba jirgin Zailani, ya shafa fiffiken. "Wannan da hannu aka yi? Baba, kai bala'i ne. Zo nan. Mesiye, ku matsa, ga babana daga kartiye, unguwarmu ɗaya."

Aka matsa. Aka miƙo masa zomkom, ruwan gero mai sanyi, a kofin roba. Hagunsa ana musu kan wane mai ne ya fi, damansa Balabanen na rantsuwa iska ce ta cuce shi. Ba wanda ya tambaye shi komai, ba wanda yake jiran ya ce komai. Zailani ya zauna da buhu a cinya, ya ji kafaɗunsa sun sauka.

Aka busa usur, aka kira Harisu.

"Bon, ni ne. Baba, kai ne bayana a takarda. Bari in sauko in nuna maka tsarin wurin, akwai wasu 'yan dokoki."

Ya je tebur ya ɗauki komandinsa, ya cire pensi ɗaya daga allo ya maƙala a eriya, ya shiga fili. Jirginsa ja ne, sabo, ya kusa ninka na Zailani. Ya tashi ya tsaya a kan da'irar farko kamar an rataye shi da zare. Aka tafa. Ya juya hanci, ya nufi ta biyu.

Kai ne bayana. Maganar ta tsaya wa Zailani a rai. Za a kira shi gaban mutanen nan bai gwada kayansa ba, bayan jijjigar da suka sha a motar Kalla da albasa. Ya zame daga benci, ya ɗauki jirginsa ya koma bayan rumfa, gindin wata bishiyar dogon yaro, inda ba zai dami kowa ba. Ya warware zanen, ya zaro eriya, ya kunna. Ya tura sanda hagu, ɗan jirginsa da ke ƙasa ya karkata farantinsa hagu. Lafiya. Ya tura dama. Lafiya. Ya ja baya.

Sai ya ji surutun rumfa ya ɗauke. Ya ɗaga kai. Can a fili jan jirgin ya ɗaga hanci yana ja da baya, Harisu na murɗa sandunansa kamar mai tuƙa tuwo. Yatsan Zailani na kan sanda, ya sake shi, jan jirgin ya yi wata girgiza, ya kwanta a gefe, ya sauko da dukan ƙarfinsa. Fiffike ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa. Injin ya yi kuka ya mutu.

Zailani ya kashe komandin. Ba ya bukatar a yi masa bayani. Shekara talatin yana gyaran rediyo, ya san abin da ke faruwa in tasha biyu suka hau layi ɗaya. Ya sani tun ranar da ya ga lambar a jikin kwarsi. Abin da bai taɓa faruwa ba shi ne a samu mutum na biyu a filin da yake tashi. Ya dubi allon nan mai lambobi, ya dubi gurbin da Harisu ya cire pensi, ya gane ba tsumma ake ratayewa ba. Wanda ke riƙe da pensin lamba, shi kaɗai ke da izinin kunnawa.

Ba wanda ya gan shi. Mushe Ilbudo ya bi komandojin tebur ɗaya bayan ɗaya, duk a kashe. Wani ya ce batir ne, wani ya ce wata waya ce ta kwance, Balabanen ya ce ai ya faɗa musu iska. Harisu ya dawo rungume da tarkace, yana ƙoƙarin dariya. Ya ce ba komai, haka wasan yake. Ya hango Zailani ya ce, "Baba, ka rama mana. Zango ba za ta tafi hannu wofi ba."

Zailani zai iya cewa injinsa ya ƙi tashi. Zai iya komawa benci ya ƙarasa zomkom ɗinsa, a tashi a ce masa sai Lahadi, ya je gida ya nemi dabarar sauya lamba. Ya tsaya yana juya wannan har aka busa usur aka kira sunansa.

Ya fito da jirgi a hannu ɗaya, komandi a ɗayan. Mushe Ilbudo ya dubi komandin, ya dubi tebur, ya sake duban komandin.

"Wace lamba ce kwarsinka?"

Zailani ya faɗi lambar. Dattijon ya juya wajen allo, ya kai hannu, gurbin babu komai. A hankali kowa ya juya ya dubi eriyar Harisu.

"Kai ka kunna?" Harisu ya tambaya.

"Ni na kunna."

"Ina sama?"

"Kana sama. Gwadawa nake."

"Ba a faɗa maka ba?"

"Ban iso ba lokacin."

"Shekara nawa kana tashi?"

"Uku."

"Shekara uku, kuma ba wanda ya taɓa ce maka…"

"Ni kaɗai nake tashi."

Da an zage shi da ya fi masa sauƙi, ga harsuna uku a wurin, har da na huɗu. Ba wanda ya zage shi. Ya ce wa Harisu ya ba shi jirgin, zai gyara, fiffike ma zai sassaƙa. Harisu ya matsar da tarkacen bayansa.

"A'a, Mushe. Na gode. Kada ka taɓa."

Mushe Ilbudo mutum ne mai bin doka har inda ta tsaya, ba ya ƙara mata ba ya rage mata. Ya ce laifin rabi nasa ne, da bai duba ba. Ya ce yau Zailani ba zai tashi ba. Ya ce dokar kulob ba ta hana shi zuwa ba, in zai ajiye komandi a tebur kamar kowa. Kuma tun da lambarsu ɗaya da Harisu, pensinsu ɗaya: in ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, wanda ya gama ya miƙa wa ɗan'uwansa hannu da hannu. Ya faɗi haka kamar mai karanta takardar magani, ya busa usur, aka kira na gaba.

Zailani ya taka da ƙafa har bakin kwalta, jirgi a kafaɗa, kafin magariba ya samu taksi. Ba ta Kalla ba.

Ya koma Lahadin da ta biyo, da wadda ta biyo ta. Ana amsa sallamarsa. Sun sa masa suna da Faransanci, mai harbo jirgi, suna faɗa a gabansa ba da zafi ba, shi ma ba ya nuna ya ji. Harisu yana da wani tsohon jirgi mai fiffike da yake tashi da shi kafin ya haɗa wani. Bai ƙara ce masa Baba ba, bai ƙara yi masa Hausa ba. Amma in ya sauka, sai ya cire pensin, ya dudduba inda Zailani yake, ya tako har gabansa ya miƙa masa. Wani lokaci ya ce "wala," wato ga shi da Faransanci, wani lokaci ko wannan babu. In Zailani ya gama, shi ma ya nemo shi ya mayar.

Bayan wajen wata biyar a haka Mushe Ilbudo ya same shi a gefen fili yana zuba mai.

"Mushe Zailani, ɗana zai zo daga Faransa ƙarshen wata. In kana so ya taho maka da kwarsi biyu masu wata lamba. Akwai gurbi uku a allo da ba mai su. Ka samu pensinka kai kaɗai, ka tashi lokacin da ka ga dama, ba jira, ba kallon fuskar kowa."

Zailani ya rufe bakin galan. Ya yi tunaninsa na kullum, har dattijon ya ɗauka bai ji ba.

"A bar shi haka," ya ce.

"Jiran ba ya damunka? Lahadin da ta wuce ka yi awa guda."

"Ba ya damuna."

Mushe Ilbudo ya ɗaga kafaɗa ya wuce. A fili jirgin Harisu ya sauko, ya gangara cikin ciyawa ya tsaya. Harisu ya kashe komandi, ya cire pensin daga eriya, ya juyo yana neman inda mutumin yake. Zailani ya goge hannunsa a jikin wando, ya miƙe tsaye don a gan shi.